Yadda ake shirya kat-kat, motar da ƙafafunta huɗu ke ja, don shiga daji da kwana a can, daga Damagaram

Da sanyi ya fara shigowa sai tambayoyin su dawo, kusan duk iri ɗaya. Wani ya sayi Prado ta hannu yana son kai iyali bakin tafkin Gidimuni su kwana biyu, wani aiki ne zai kai shi Tasker, wani kuma dabbobinsa suna arewa da Tanut yana son ya riƙa lekawa da kansa. Me zan saya, da me zan fara, nawa zai ci? Ga amsar a jere, kuma jerin yana da dalili. Kuɗin shirya mota daga ƙasa yake farawa ya hau sama. Yawancin mutane daga sama suke farawa: manyan fitilu, bamba mai ƙaho, ragar kaya a rufi, alhali tayoyin sun shekara bakwai kuma lagireto yana ɗiga.

1. Garaji kafin kasuwa

Kada ka sayi komai sai bakanike ya duba motar. Ka nemi wanda ya saba da motocin da ke bin hanyar Agadas ko Tasker, don shi ya san inda suke fara ciwo. Ka zauna a wurin, a yi komai a gabanka.

Fara da abin da ke sanyaya inji, shi ne ke yawan tsayar da mota a rairayi. A wanke lagireto ciki da waje, a canza tiyon da ya yi laushi ko ya kumbura, a duba murfinsa da fanka da famfon ruwa. Sai bel: fambel sabo, tsohon kuma a ajiye shi a mota. Injuna irin 1HZ na Land Cruiser da 5L na Hilux suna da bel na ciki mai daidaita bawul, wanda idan ya tsinke a kan tafiya inji ne ya tafi. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka canza. Daga nan baƙin mai da filtoci uku, ta mai, ta baƙin mai da ta iska, sai man giya da man aksul na gaba da na baya, giris, boris na ƙafafu, takalmin burki da kuloci. Kulocin da yake zamewa kaɗan a cikin gari ba zai kai ka yini ɗaya a yashi ba.

A ƙarshe a gwada giyar ƙarfi. Ka fita gefen gari inda akwai yashi, ka sa H4, giyar jan ƙafa huɗu ta tafiya, ka sa L4, ta jan ƙafa huɗu da ƙarfi a hankali, ka tabbata ƙafafun gaba suna ja. Motar da ke da makulli a cibiyar tayar gaba, sai an murɗa shi da hannu ya koma kan Lock kafin gaba ya ja, kuma nan ne da yawa suke mantawa.

Hattara: motar da ake sa wa kat-kat da hannu ba a tuƙa ta da H4 a kan kwalta. Ƙarfen juyi yana ɗaurewa, taya ta ci, akwatin giya ya wahala.

2. Lissafin nauyi

Ka ɗauki biro da takarda kafin ka ci gaba. A jikin ƙofar direba ko cikin injin akwai ɗan faranti da ke nuna iyakar nauyin motar da kayanta. Cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne rabonka. A motoci irin Prado yakan tsaya wajen kilo 600 zuwa 700, kuma mutane suna cikin wannan lissafi.

Ga misali na mutum huɗu a tafiyar kwana huɗu. Mutanen kansu kilo 300. Jarkar ƙarfe huɗu ta gazuwal, kowace wajen kilo 21, sun ba da 84. Ruwa kilo 150. Taya ta biyu ta ajiya da garenta kilo 35. Sifanu, jak, shebur da kayan ja kilo 50. Abinci da shimfiɗa 60. Ragar rufi 40. An haura 700 ke nan, ba a sa firji ba, ba a sa bamba ba, ba a sa buhun sukari da shayin da za a kai wa dangi ba. Duk abin da ka yi niyyar ƙarawa a motar nan gaba, ka fara tambayar nauyinsa kafin farashinsa. Mota mai nauyi tana nutsewa da wuri, tana shan mai, tana karya sifirin, tana fasa taya.

3. Taya da iska

Nan ne kuɗi ya fi tafiya, kuma nan ne bai kamata a nemi sauƙi ba. Araha ba ta ado. Ka nemi taya mai alamar LT, wadda gefenta yake da kauri, a kan gare mai inci 16 idan motarka tana karɓa. Girma irin 7.50R16 da 235/85R16 suna da amfani ɗaya babba: ana samunsu a garuruwan hanya, don motocin ƴan kasuwa da su suke aiki. Gare mai inci 18 ko 20 da siririyar taya na yawon gari ne. Haƙoran taya kuma matsakaita sun fi, masu manyan haƙora na taɓo suna tona yashi su binne ka.

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da haƙoranta suna nan, rana ta riga ta dafa robar. Tayoyin hannu da ake shigowa da su sukan yi kyau a ido, lambar ce za ta gaya maka gaskiya.

Tayar ajiya biyu ake tafiya da su, ba ɗaya ba, kuma girmansu ɗaya da na ƙasa. Dajinmu na ƙaya ne: aduwa, kandili, farar ƙaya, da kututturen da aka sare ya ɓuya a ciyawa. Ka haɗa da kayan faci, bawul na ajiya, tib ɗaya ko biyu ko da tayarka marar tib ce, da ƙarafan cire taya. Ka je wurin mai faci ka biya shi ya koya maka, ka cire taya ɗaya ka mayar da hannunka. Abin da ka kalla kawai ba ka iya shi ba.

Sai kwamfuresa mai aiki da batirin mota, irin wadda ake maƙala wa kan batir kai tsaye, da gejin auna iska. Ƙananan da ake sokawa a wurin kunna taba suna ƙonewa kafin su cika taya biyu. Ka ƙara da famfon ƙafa, ba ya lalacewa.

Ga yadda ake wasa da iskar. A kan kwalta, abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa. A hanyar jar ƙasa mai gargada, ka rage zuwa wajen kilo 1,8 ko 2 a gejin iska. A yashi mai laushi, 1,2 zuwa 1,5. Idan ka kafe, har kilo 1 ko ƙasa kaɗan, don fita kawai. Rage iska yana tsawaita tafin tayar a kan yashi, sai motar ta hau sama maimakon ta tona. Mota mai kaya da yawa kada a sauke ta ƙasa sosai, musamman baya.

Hattara: da ƙaramar iska ba a gudu, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, taya tana iya fita daga gare. Kada ka wuce kilomita 40 a awa. Da ka taka dutse ko kwalta, tsaya ka mayar da iska, ko da saura kilomita goma ka isa Gure. Taya mai ƙaramar iska a kwalta mai zafi fashewa take yi.

4. Mai

Abin da motarka take sha tsakanin Damagaram da Maradi ba shi ne ma'auni ba. A yashi shan mai yana ƙaruwa da rabi, wani wuri ya ninka, kuma injin fetur ya fi na gazuwal haɗama. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 a kwalta, ka lissafa mata 20. Tafiyar kilomita 500 a daji, zuwa da dawowa, lita 100 ke nan, sai ka ƙara kashi ɗaya cikin uku don ɓata hanya da kewaye, ya zama wajen 135. Land Cruiser 78 mai tanki biyu na lita 90-90 ta huta da wannan, sauran sai jarka.

A 2024 an sauke farashin lita zuwa sefa 499 na fetur da 618 na gazuwal. A kan wannan farashi lita 200 na gazuwal ya kama jika 123 da sefa 600. A ƙauyukan nesa farashin ba na gidan mai ba ne, na wanda ya yi dakonsa ne. Matatar SORAZ tana nan kan hanyar Tanut, amma wannan bai sa akwai mai a kowane gari ba. Ka cika a Damagaram, ka sake cikawa a gari na ƙarshe mai gidan mai, Tanut ko Gure, kuma ka riƙe rasit, don jarka da yawa tana jawo tambaya a shingen bincike.

Jarkar ƙarfe mai lita 20 da robar murfi mai kyau ita ce ta mai. Bidon man girki na roba yana kumbura a rana ya yi yoyo. Idan dole ta sa ka sayi mai a hannun ƴan ruwa-ruwa, ka tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta, kuma ka tafi da filtar mai biyu ta ajiya. Sababbin injunan gazuwal masu kwamfuta ba sa yafe datti ko ruwa kamar tsofaffin.

Hattara: fetur ba ya zama cikin mota tare da mutane. Tururinsa yana sa jiri, kuma ashana ɗaya ta isa.

5. Ruwa

Lita 5 ga kowane mutum a yini a lokacin sanyi, 8 zuwa 10 a bazara, na sha da girki da alwala. Ka ƙara na kwana biyu a kan lissafin, da lita 20 na lagireto. Ka raba shi a jarkoki da yawa, domin in babban tanki ɗaya ya huje, komai ya tafi. Jarkar ruwa ta bambanta da ta mai a launi, yadda ko da dare ba za a rikita ba. Salka a rataye a gefen mota tana ba da ruwan sanyi ba tare da batir ba.

Rijiyoyin daji suna da masu su. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka jira a gama shayar da dabbobi. Ruwan kuma a tafasa shi ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa.

6. Kayan fita idan an kafe

Shebur biyu masu dogon hannu. Farantan ƙarfe ko na roba na yashi guda biyu, huɗu ya fi, kowane da ƴar igiya a ɗaure don yashi yana haɗiye su. Jak mai ƙarfi da katako mai kauri da faɗi da za a ɗora shi a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse, motar tana inda take. Igiyar ja mai ɗaukar tan 8, da maƙalai masu lambar nauyi a jikinsu. Shebur da katako da farantai duk ana samu ko a ƙera su a nan gari da kuɗi kaɗan. Igiya da maƙalai ne ba a saye sai masu lamba. Winci kuwa, injin da ke jan mota da waya, ka bar shi zuwa gaba: yana da tsada da nauyi, kuma a tudun yashi babu icen da za ka ɗaura shi.

Idan ka ji motar tana tona, ɗaga ƙafa nan take. Kowane ƙarin totur ƙarin haƙa ne a gare ka. Kowa ya sauka. Ka gwada komawa baya a kan sawunka, sau da yawa wannan ya isa. In bai yi ba, rage iska zuwa kilo 1, a kwashe yashi gaban ƙafafu huɗu da ƙarƙashin aksul har ka ga haske ta ƙasan motar, a tura farantai ƙarƙashin taya, ka daidaita sitiyari, ka sa L4 giya ta biyu, ka tashi a hankali. Kada ka tsaya sai ka taka ƙasa mai tauri, masu farantai su biyo ka. Yashi ya fi tauri da sanyin safiya, don haka wuri mai wuya a bar shi sai bayan asuba, kada a tunkare shi da azahar.

Hattara: ba a ɗaura igiyar ja a ƙwallon jan tirela, ko a bamba, ko a ƙugiyar da mai walda ya liƙa. Sai wurin da aka ɗaure da kusoshi a jikin shasi. Ƙarfen da ya ɓalle yana kashe mutum. Kowa ya ja baya nesa da tsawon igiyar, a kuma jefa bargo a tsakiyarta.

7. Sifirin, raga da ɗaurin kaya

Sai yanzu za ka san ko motar tana buƙatar ƙarin sifirin. Ka loda ta kamar ranar tafiya ka duba bayanta. In ta zauna, a ƙara ganye ɗaya ko a sa sifirin mai ɗaukar nauyi da shokazoba masu kyau. Ɗagawar santimita 5 ta wadatar. Abin da ya wuce haka yana sa mota tangaɗi a gangaren yashi. Ƙarin sifirin bai ƙara wa aksul da burki ƙarfi ba, iyakar nauyin tana nan.

Masu walda na gari suna ƙera ragar rufi mai kyau, sai dai suna son ƙarfe mai kauri, ka roƙe su su sassauta. Abin da rufin yawancin motoci ke iya ɗauka bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba, har da nauyin ragar. Sama ta kayan marasa nauyi ce: tabarmi, katifu, tanti, farantan yashi. Ruwa da sifanu da batir su zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure da bel mai ƙugiya. A sa ragar ƙarfe tsakanin kaya da kujeru. Abin da za ka nema da gaggawa, wato shebur, geji, akwatin magani da abin kashe gobara, ya kasance a bakin ƙofa.

Faranti a ƙarƙashin inji yana da amfani idan za ka bi duwatsun Kutus ko Tarmit. Ragar sauro a gaban lagireto tana tare ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa.

Hattara: bayan damina busasshiyar ciyawa tana taruwa a ƙarƙashin mota kusa da salansa. Duk tsayawa ka leƙa ka cire ta da waya, kuma kada ka tsaya a kan doguwar ciyawa da inji mai zafi. Motarka za ta ƙone, makiyayar mutane ta bi ta.

8. Wuta

In cajin waya da fitila ne kawai, batirin mota mai lafiya da waya mai haɗa batir biyu sun isa. Firji ne ke buƙatar batir na biyu, mai wajen amfiya 100, da na'urar da ke raba shi da na tayar da mota, da faifan sola mai wat 100 zuwa 120. Kowace waya da aka ja daga batir a sa mata fiyus a kusa da batirin, a kuma rufe ta inda take ratsa ƙarfe. A matse mariƙin batir sosai, gargada tana kwance shi.

9. Kwana

Ba sai ka sayi tantin rufi ba. Tabarma, katifa, gidan sauro da tamfol da za a ja daga gefen mota a yi inuwa sun isa, sai gadon ninkewa ga mai hali, don kunama. A Disamba da Janairu daren daji yana da sanyin da ɗan birni bai saba ba, bargo biyu ga kowa. Girki da ƙaramar tukunyar gas, a ɗaure a tsaye. Guzuri wanda ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, gari, kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, albasa, da kayan shayi fiye da buƙatarku, don baƙi za su zo.

Ka tsaya tun rana da sauranta. Kada ka sauka a bakin rijiya ko kan burtali, ko ƙarƙashin icen ƙaya. Da damina kada ka kwana a cikin kwari ko gadon ƙorama, ruwan da aka yi a nesa yana isowa da dare. In akwai ruga ko gari kusa, ka je ka gai da mai gari ko arɗo ka faɗi ko kai wane ne. A kakkaɓe takalmi da safe. A binne wuta kafin a tashi.

A akwatin magani a sa bandeji, maganin ciwo, na zazzaɓin cizon sauro, na gudawa, da gishirin ORS. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Saran maciji ba a tsagawa, ba a ɗaurewa tam, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti.

Hattara: kada a shigar da garwashi cikin rufaffen tanti ko mota don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba ya wari, a barci yake kashewa.

10. Takardu, tsaro da gwaji

Lasisin tuƙi, kart giriz, inshora, takardar duba lafiyar mota da katin shaidar kowa, da kwafinsu. Kafin ka sa ranar tashi, ka je wurin jandarma ka tambayi halin hanyar, ka kuma tambayi direbobin da suka dawo daga can a makon. Akwai wuraren da ba a shiga sai da rakiya, akwai waɗanda ba a shiga sam, musamman in aka nausa gabas wajen jihar Difa ko can arewa. In an ce a bari, a bari. Gandun Tarmit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012, yana hannun ma'aikatan gandun daji, sai da izininsu, kuma farauta haramun ce a ciki.

Inda kwalta ta ƙare, mota biyu ake tafiya, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi. Ka sauke taswira a waya tun kana gari, irin OsmAnd, tana aiki ko babu layi. Layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Ka bar wa wani a gida hanyar da za ka bi, ranar dawowa, da ranar da zai fara nema in bai ji ka ba. Ba a tafiyar dare. In mota ta mutu, a zauna wurinta a yi inuwa, ita ake hangowa daga nesa.

Game da kasafi, in kuɗinka kashi goma ne, ni ga yadda zan raba: huɗu taya da kwamfuresa, uku garaji, ɗaya jarkoki da kayan ja, ɗaya sifirin da raga, ɗaya kayan kwana da magani. Farashi yana motsi da kasuwar Kano da kuɗin naira, don haka ka taya a wuri uku kafin ka biya. In kuɗin bai kai ba, daga ƙarshen jerin ake yankewa.

Kafin babbar tafiya ka loda komai ka yi kwana ɗaya a kusa, wajen Mirya ko Gidimuni, inda waya ke kamawa. Ka kafe motar da gangan a yashi ka fitar da ita, ka rage iska ka mayar, ka auna man da ta sha. Da safe ka bi kusoshin taya, na raga da na sifirin da sifana, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka kakkaɓe filtar iska. Duk abin da ba ku taɓa ba a wannan daren, ban da magani da kayan gyara da na kashe gobara, a sauke shi a gida.